Ƙahon Bindigar Baba

Sun yanke shi. Tun ranar da na gani nake maimaita maganar nan a raina, ina alwala ina faɗa, ina cin abinci ina faɗa. Ƙahon ƙarfen da ke gindin bindigar mahaifina, wanda ya ƙera da hannunsa ya lanƙwasa daidai kaurin damtsensa, shi aka sa wa injin yanka aka datse, wai don bindigar ta shiga akwatin gilashi. Akwatin gilashi fa! Kuma ba ɓarawo ne ya yi ba, ba maƙiyi ba, ɗan cikina ne, babban ɗana, wanda nake zaune a gidansa a unguwar Aziziyya ta Makka tun da gwiwoyina suka ƙi hawan matakalar gidana na Rusaifa. Mutanen gidan sun ce in yi haƙuri, ai ƙarfe ne. Ni ma na san ƙarfe ne, ɗan maƙeri ne ni, ba sai an koya mini ba. Abin da suka kasa ganewa shi ne, duk faɗin garin Makka babu abin da ya rage mini na jikin mahaifina sai wannan lanƙwasar.

Gidan da aka haife ni a kan dutse yake, kuma yau ba gidan kawai ba, dutsen ma babu shi, an fasa an kwashe, motoci ke gudu a inda akuyoyin Inna suke kiwo. Kabari a garin nan ba a rubuta masa suna, kuma ban ja da wannan ba, haka ya kamata, amma ko yau ka kai ni maƙabartar ba zan iya nuna maka inda muka sa Baba ba. Hoto kuwa, har ya koma ga Allah bai yarda ya tsaya gaban mai ɗauka ba. Rigunansa an yi sadaka da su, kayan maƙerarsa sun bi hannun mutane. Muryarsa ma ta fara gudu daga kunnena, wani lokaci sai in rasa ko tasa nake tunawa ko tawa. To amma in na ɗauko bindigar nan na zura hannuna tsakanin ƙahonin, sai in san cewa an yi wani mutum mai damtse kamar haka, ba ƙari ba ragi, kuma shi ya haife ni.

Baba a ƙasa ya zo garin nan daga ƙasar Kano, yana saurayi, yana tafe yana ƙira a hanya har Allah ya kawo shi. Da ya sauke farali bai koma ba, ya kafa rumfa a gindin dutse cikin 'yan uwanmu Takari, ya auri Inna. Ƙarar maƙerarsa ce take tashin unguwa bayan sallar asuba, masaba a kan uwar maƙera, tim, tim, sai 'yar ƙaramar guduma ta amsa, ga zugazugi yana huci. Ni ne mai zuga, ni ne mai fasa gawayi, ni ne kuma mai ɗebo ruwa, garwa biyu a sanda ɗaya a kafaɗa, in hau dutse da su in sauko in sake hawa. Wuƙaƙen layya yake ƙerawa, da kaskon suyar gahawa, da ƙugiyoyin da 'yan garuwa suke rataya garwa. Yaran yanzu in famfo ya ɗauke na rabin yini sai ka ji gida ya cika da kuka kamar an yi mutuwa. Mu ruwan da muka sha a kafaɗarmu ya zo, kuma ba wanda ya ce mana sannu.

Bindiga kuwa ba sana'arsa ba ce tun farko, mutanen duwatsu, Larabawan ƙauye, su ne suka koya masa dole. Su ne ke saukowa da tsofaffin bindigoginsu na ɗuri, waɗanda ake zuba wa albarushi ta baki a tura dalma da sanda, wannan kunamarta ta karye, waccan gindinta ya tsage, a ce Bahaushe ya duba. Ana haka wata shekara, bayan alhazai sun watse, wani tsohon Baturke mai gyaran agogo ya kawo masa wata irin bindiga da bai taɓa gani ba. Bututunta mai kauri, nauyi kamar taɓarya biyu, gindinta kuma an sa masa ƙarfe mai ƙaho biyu, na sama gajere, na ƙasa dogo ya lanƙwaso. Wani alhaji ne ya bar ta, ƙarfen gindin ya karye. Abin da tsohon ya gaya wa Baba, shi kuma Baba ya gaya mini sau ba adadi, shi ne, irin wannan ba ta yaƙi ba ce, ba ta farauta ba ce. A can ƙasar Turawa, a wasu garuruwa na cikin duwatsu masu ƙanƙara, mutanen gari suke haɗuwa ranar hutu su kafa allo su yi gasar saiti, kuma a tsaye ake harbin, ba a jingina bindiga da komai. Da suka ga bututu mai nauyi ya fi tsayawa cak, sai suka yi ta ƙara masa kauri, har ya zama nauyin bakin yana rinjayar mutum, gindin yana zamewa sama. Shi ne maƙeransu suka fara lanƙwasa ƙarfen gindin kaɗan, daga baya suka fitar masa da ƙahoni, na ƙasan ya yi ta tsawo har ya zama ƙugiya mai shiga ƙarƙashin hammata. In bakin bindiga ya ja ƙasa, ƙugiyar ta riƙe a sama. Baba ya ce da ya ji wannan bayani sai da ya ajiye awartaki ya ce, "Kai, wanda ya fara tunanin nan maƙeri ne na gaske, ko daga ina yake."

Baturken bai karɓe ta ba, ya ce ya bar wa Baba, shi idonsa ya mutu. Sai Baba ya cire karyayyen ƙarfen ya ƙera sabo. A nan ne maganar take, domin ƙarfen nan ba a kafaɗa ake ɗora shi ba, a damtse ake sa shi, tsakanin kafaɗa da tsokar hannu, kuma in bai kama damtsen mai shi daidai ba, aikin banza ne. In ya yi faɗi bindiga ta yi ta rawa, in ya matse hannu ya mutu kafin a ja kunama. Daga baya mutanen duwatsu da suka ga amfaninsa sun yi ta kawo nasu a sa musu, kuma na ga yadda Baba yake awo. Ba ya auna mutum yana zaune yana shan shayi. Sai ya sa shi ya tsaya ya ɗaga bindigar ya riƙe har tsokar ta kumbura, gumi ya fara keto masa, sannan ya naɗa masa siririyar dalma a damtse, ya danna da yatsu, ya zare a hankali. Wannan dalmar yake bi ya lanƙwasa ƙarfe, ya sa a wuta, ya fitar, ya huce, a gwada, a mayar. Yakan ce, "Hannun da ke hutawa ƙarya yake yi mini, na mai aiki nake so." Nasa awon kuwa Inna ce ta yi, don ba dama ya riƙe bindiga kuma ya auna kansa. Har ta tsufa tana yi masa gori. "Malam, da ban danna dalmar nan da kyau ba, ai da ko raƙumi aka ɗaure maka ba za ka same shi ba." Shi kuma ya ce, "Ke dai cakulkuli kika yi ta yi mini, saura kaɗan in saki bindigar a ƙafarki."

Kowace shekara, in hayaniyar aikin Hajji ta lafa gari ya koma namu, Baba yakan sauko da bindigar daga inda take rataye ya kira ni. "Zo ka gwada." In zura hannu, ƙahonin su yi mini yawa, damtsena yana lilo a ciki kamar muciya a tukunya. Sai ya girgiza gindin ya ji yana motsi, ya ce, "Da saura. Je ka ɗebo ruwa." Wallahi haushi nake ji kamar in fashe. Sa'annina har sun fara bin iyayensu wurin harbi da ƙananan bindigogi, ni kuwa an ce sai na cika ƙarfe. Na roƙe shi ya naɗa tsumma a ciki ya rage faɗin, ya ce ba a yi wa bindiga wayo. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce, "Ni na auna shi, na san abin da ke ciki. Ka ƙara tuwo." Haka na yi ta hawan dutse da garwa, ina dukan ƙarfe da masaba, shekara na bin shekara, ina duba hannuna a inuwa.

Sai wata shekara na zura hannu na ji ƙarfe ya kama ni ta sama da ta ƙasa, sanyinsa ya zagaye tsokar gaba ɗaya. Baba ya girgiza gindin bai motsa ba. Ya sake girgizawa da ƙarfi har na yi tangaɗi, ni da bindigar muka tafi tare. Sai ya leƙa ɗaki ya ce wa Inna ta dafa mana guzuri. Da safe muka bi abokansa, Takari da mutanen duwatsu, muka wuce Muzdalifa, wadda a lokacin in ba Hajji ba babu kowa sai tsakuwa da iska, muka yi ta tafiya har muka fita iyakar Harami. Baba ko ɗuri ba ya yarda a yi a cikin iyaka, balle harbi. A wani kwari suka kafa ƙashin kafaɗar raƙumi a kan dutse, fari fat, daga nesa kamar tafin hannu. Har yau ina jin warin albarushin nan, da ƙarar sandar ɗuri tana shiga bututu, da yadda dutse yake mayar da amon harbi sau biyu kafin ya mutu. Wani baƙo a cikinsu ya karɓi bindigar Baba don ya gwada, ya ɗora ƙahon a kan kafaɗarsa yadda ya saba da tasa, kafin a ce masa kul ya ja kunama. Ƙahon ya soke shi a ƙashin wuya, ya zauna daɓas yana salati, dattawa suna dariya har da riƙe ciki.

Da aka zo kaina Baba da kansa ya ɗura mini. Na tsaya a karkace yadda na ga yana yi, na sa ƙugiyar a hammata, na ɗaga. Nauyin da nake tsoro sai na ji ya rabu biyu, rabi a hannuna na hagu, rabi ƙugiyar ta ɗauke, bakin bindigar ya tsaya kamar an kafe shi. Na ja. Hayaƙi ya rufe ni, kunnena ya toshe, da ya washe sai ga ƙashin nan yana nan daram, ƙura ce kawai ta tashi a gefensa. Ban samu ba. Na juyo a kunyace ina jiran faɗa, sai na ga Baba ba ƙashin yake kallo ba, hannuna yake kallo. Ya matso ya naɗe hannun rigarsa ya jera damtsensa da nawa, ya ce wa abokansa, "Kun gani? Nawa ya ɗauko." Sannan ya karɓi bindigar ya zura nasa hannun, a nan na ga abin da ban lura da shi ba duk shekarar. Ƙarfen ya yi masa yawa. Ciwon ƙirjin da hayaƙin maƙera ya sa masa ya fara cin jikinsa, yatsa biyu za su shige tsakanin tsokarsa da ƙahon. Na ce, "Baba, in mun koma sai mu sa a wuta mu matse maka shi." Ya harare ni. "Ka matse wa wa? Wannan awon na lokacin da nake da ƙarfi ne. Bar shi yadda yake." Ya miƙo mini ita, kuma daga ranar bai sake harbi ba.

To ka ji abin da aka sa wa injin yanka. Mutanen yanzu suna son kayan da, ban ce ba sa so ba. Ka shiga majalisar kowane gida ka ga an jera butar gahawa da ba a taɓa dafa komai a cikinta ba, da fitilar da ba ta san kananzir ba, da takobin da ko albasa ba zai yanka ba, an goge sun yi ƙyalli, an kunna musu lantarki. Suna kiran abin turas, wato gadon kakanni. Amma gadon da suke so shi ne wanda zai yi shiru ya zauna daidai bango. In ya fi wurin da aka tanadar masa tsawo, ba wurin za a gyara ba, shi za a rage. Mu da aka auna mutum kafin a lanƙwasa ƙarfe, mun rayu mun ga zamanin da ake sayen akwati a waya kafin a auna abin da za a sa a ciki.

Yanar ido ce ta kai ni asibiti, aka yi mini aiki, na ɗan kwana biyu a wurin 'yata kafin a cire bandeji. Ranar da na dawo, ɗan nawa ya tare ni a ƙofa yana ta murmushi, ya kama hannuna har majalisa, jikoki na biye da mu. "Abuya, rufe idonka. Yalla, buɗe!" Na buɗe. Shekara da shekaru ban ga abu tar irin na ranar ba, kuma abin da Allah ya fara nuna mini da sabon idon ke nan. Bindigar Baba a kwance kan jan ƙyalle, cikin gilashi, an shafe ta da mai tana sheƙi, gindinta kuwa a gundule. Ƙahon ƙasa babu shi, an goge wurin ya yi sumul.

Na ce, "Ina ƙugiyar?"

Ya ce, "Wace? A'a, wannan ƙarfen da ya fito? Abuya, shi ya hana murfin rufuwa. Kuma yana da tsini, yara za su ji ciwo. Na kai warsha, wurin masu walda, aka daidaita shi."

"Aka daidaita shi!"

"Malish, yi haƙuri Abuya, ɗan guntu ne fa. Duba yadda ta yi kyau. Don kai na yi, wallahi, don in ka buɗe ido ka ga bindigar Jaddi, kakana, a wuri mai daraja."

Wannan ce ta fi ƙona mini rai, don na san gaskiya ya faɗa, don ni ya yi. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. Na ce masa, "Kai, tun kana rarrafe kake ganina ina zura hannu a ƙarfen nan. Ko sau ɗaya ka taɓa tambayata me nake nema a ciki? Ka yi karatu har ka gaji, ka iya tambayar waya komai, ubanka yana gida ɗaya da kai ba ka iya tambayarsa ba?" Na faɗi maganganu da yawa, da Hausa na faɗe su, kuma rabinsu jikokin ba su gane ba, sai ƙaramar ta ja rigar uwarta tana tambaya da Larabci me ya sa kakanta yake kuka. Shi kuwa ya ɗaga murfin gilashin ya tsaya da shi a hannu, fuskarsa ta canza. Da na gaya masa yadda aka yi awon, da wadda ta yi shi, sai ya ajiye murfin a ƙasa ya ɗauki bindigar ya ce, "Taso mu je. Yanzu."

Warshar tana bayan wasu shaguna, wuri ne na masu walda, ƙofofi da tagogi jingine ko'ina. Wanda ya yi yankan ɗan'uwanmu ne ma, Bahaushe, magidanci daga wajen Maraɗi, irin waɗanda suka zo Umra suka zauna neman abinci. Da ya ji abin da ya kawo mu ya cire tabaran walda ya durƙusa. "Subhanallahi! Baba Alhaji, ku gafarce ni. An ce in yanke, na yanke. Sai da na ji ƙarfen a hannuna na ce wannan ba na kamfani ba ne." Ya kifar da durom ɗin da suke zuba guntaye, shi da ɗana suka shiga tonawa, ɗan nawa da farar rigarsa yana durƙushe cikin tsatsa. Can sai ga shi. Na gane shi tun kafin a miƙo mini, ga sawun gudumar Baba a jikinsa, ga inda hammatata da tasa suka goge shi ya yi santsi. Na riƙe shi a tafin hannuna, da ɗuminsa na rana.

Mai waldar ya ɗora guntun a gindin bindigar yana juya shi. Bakin injin ya cinye wani abu, gugar da aka yi ta cinye fiye da haka, guntun ba ya zama a inda ya fito. In ya karkata shi nan sai bakin ya buɗe, in ya karkata can sai ya tsuke, kuma kowanne ka kalla kamar shi ne daidai. Ya ce, "Zan cike wurin in haɗa, ba wanda zai gane an taɓa yankewa. Faɗin ne kawai ban sani ba. Amma da sauƙi, tunda kun ce ya kama ku daidai. Ku kawo damtsenku mu auna."

Ɗana ya ce, "Alhamdulillahi! Shi ke nan, Abuya, ka ga an samu mafita." Ya matso da sauri ya naɗe mini hannun riga har kafaɗa.

Muka tsaya mu uku muna kallon abin da ya fito daga cikin rigar. Fata ce ta saki a jikin ƙashi, tana rawa, mai waldar zai iya zagaye ta da yatsa biyu. Na daɗe da sanin ƙarfen ya yi mini yawa, ai shi ya sa nake son sa, shi yake riƙe da abin da ni na kasa riƙewa. Injin maƙwabta yana ta kuka a kan ƙarfen wani.

Na sauke hannun rigata, na sa guntun a aljihu. Na ce wa mai waldar, "Kashe wutarka, ɗana. Wannan ba hannun Baba ba ne."